Hasashen Zakarun Waƙa da Hukuncin Omdurman

Kowace shekara idan watan Nuwamba ya kama, hukumar da ke shirya lambobin yabo na Grammy a Amurka takan fitar da sunayen mawaƙan da suka kai zagayen ƙarshe. Daga ranar har zuwa daren bikin, wanda kan faɗo a farkon sabuwar shekara, kasuwar masu hasashe takan ci sosai. Jaridu su jera sunaye, gidajen rediyo su gayyato masana, matasa kuma su raba gari a Facebook da sauran dandali, kowa yana wasa gwaninsa. A shekarar 2024 zazzaɓin ya kama Nijeriya fiye da kullum, domin a karon farko an ware wa waƙar Afirka rukuni nata na kanta, kuma huɗu daga cikin waƙoƙi biyar da suka kai ƙarshe na 'yan Nijeriya ne: ta Davido, da ta Burna Boy, da ta Ayra Starr, da ta Asake tare da Olamide. Jama'a da yawa sun riga sun yanke cewa kambun na Davido ne. Da ranar 4 ga Fabrairu ta zo aka taru a birnin Los Angeles, sai aka kira sunan Tyla, wata matashiya 'yar Afirka ta Kudu mai shekara 22.

An yi ta ƙorafi, wasu har suka ce an yi maguɗi. Sai dai abin da ya faru ya fi maguɗi sauƙin fahimta. Masu hasashen sun auna daɗin waƙa da yawan masoya a Legas da Kano, alhali kuwa waɗanda suka jefa ƙuri'ar galibinsu a Amurka suke zaune, kuma waƙar Tyla mai suna "Water" ita ce ta shiga cikin goman farko na jadawalin Billboard na ƙasar. Hasashen lambar yabo, idan aka yi shi da gaskiya, nazari ne a kan alƙalai da kasuwarsu. Darajar waƙa wani al'amari ne dabam, mai ma'auni dabam. Babu inda wannan bambanci ya fito fili kamar biranen Khartum da Omdurman na ƙasar Sudan, inda aka shafe kusan shekara ɗari ana haifar manyan mawaƙa waɗanda sunayensu ba su taɓa shiga lissafin masu hasashe ba.

Abin da ake hasashe a kansa

Hausa ta bambanta hasashe da duba da canki-canki. Mai duba yana da'awar sanin gaibu, mai canki-canki yana dogara da sa'a, shi kuwa mai hasashe alamomi yake bi, kamar manomin da ya dubi gabas ya ga hadari ya ce yau za a yi ruwa. Shi ya sa ake cewa Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta. Tambayar ita ce, waɗanne alamomi ne ke nuna wanda zai ɗauki Grammy?

Tun daga 1959 ake raba waɗannan lambobi, kuma ƙungiyar da ke raba su, Recording Academy, ƙungiya ce ta ma'aikatan sana'ar kiɗa a Amurka: mawaƙa, da marubuta waƙa, da makaɗa, da masu haɗa sauti. Masu ƙuri'a a cikinta sun haura dubu goma. Kafin waƙa ta isa gabansu sai an fitar da ita a kasuwar Amurka cikin wa'adin da aka ƙayyade, sannan wani ɗan ƙungiya ko kamfanin da ya yi rajista ya gabatar da ita. Daga nan a tantance rukunin da ta dace da shi, a yi ƙuri'ar farko a fitar da 'yan takara, a yi ta biyu a fitar da zakara. Mai ƙuri'a mutum ne kamar kowa, ba shi da lokacin sauraren dubban waƙoƙi, don haka sunan da ya saba ji shi ne kan riga sauran zuwa zuciyarsa.

Mai hasashen da ya san aikinsa yakan dubi abubuwa kaɗan. Shin mawaƙin yana da kamfani mai ƙarfi a Amurka? Shin ya taɓa shiga takara a baya, har masu ƙuri'a suka san shi? Shin waƙarsa ta zaga gidajen rediyon can? Shin 'yan ƙasa ɗaya sun yi yawa a rukunin har za su raba ƙuri'a a tsakaninsu? A shekarar 2020 'yan Nijeriya sun sa rai Burna Boy zai yi nasara da kundinsa "African Giant", amma Angélique Kidjo ta jamhuriyar Benin, wadda masu ƙuri'a suka daɗe da sani, ita ta ɗauka. Shekara guda bayan haka, da sunansa ya zauna a kunnuwansu, sai ya yi nasara da "Twice as Tall". A ƙarshen 2020 kuma aka fitar da jerin 'yan takara babu sunan The Weeknd ko a rukuni ɗaya, duk da cewa waƙoƙinsa ne suka mamaye shekarar. Hayaniyar da ta biyo baya ta sa a 2021 ƙungiyar ta rushe kwamitocin sirri da ke tace sunaye a rukunoni da dama. Duk waɗannan labarai ne na dokoki da kamfanoni da sabo. Babu ɗayansu da ya tabbatar da cewa wata waƙa ta fi wata daɗi ko zurfin ma'ana.

Bahaushe bai kamata wannan ya ba shi mamaki ba, domin ya san kyautar makaɗi tun kafin Bature ya zo. Makaɗin fada yakan sami riga da doki da rawani, har a naɗa shi Sarkin Kiɗa ko Sarkin Taushi. Amma kowa ya san cewa dokin da sarki ya bayar shaida ce ta abin da ya faranta wa sarkin rai da kuma kusancin makaɗin da fada. Makaɗin maza ko na noma da ke can ƙauye, wanda bai taɓa taka ƙofar fada ba, ba a cewa ya kasa don ba a ba shi doki ba.

Garin da ba ya shiga lissafi

A inda Farin Nilu da Shuɗin Nilu suka haɗu akwai birane uku da ke fuskantar juna: Khartum, mazaunin gwamnati, da Khartum ta Arewa da ake kira Bahri, da Omdurman, wanda ya bunƙasa a zamanin Mahadi, ya zama matattarar ƙabilun Sudan da baƙi daga yamma. A Omdurman ne cikin shekarun 1920 aka sami wani sabon salon waƙar birni, wanda ya tsiro daga waƙoƙin biki da salon masu begen Annabi. Manyansa sun haɗa da Muhammad Ahmad Sarur, da Abdulkarim Karoma, da Khalil Farah wanda ya rasu a 1932. Daga baya aka raɗa wa salon suna Haƙiba, wato jaka, saboda wani shirin rediyo da mai gabatar da shi kan zo da tsofaffin fayafai a cikin jakarsa.

Turawan mulkin mallaka sun buɗe gidan rediyon Omdurman a 1940 domin yaɗa labaran yaƙin duniya na biyu, amma mawaƙa ne suka ci gajiyarsa. A ɗakunansa aka haɗa molon Larabawa da ake kira udu da gogen Turawa da akodiyon da ganguna, aka sami ƙungiyoyin makaɗa masu sauti na musamman. A nan Ahmad al-Mustafa da Usman Husaini da Ibrahim al-Kashif suka yi suna. A nan Muhammad Wardi, malamin makaranta ɗan ƙabilar Nubiya da aka haifa a 1932, ya fara rera waƙa a 1957. A nan aka ji Abdulkarim al-Kabli, da Sayyid Khalifa mai "Mambo Sudani", da Muhammad al-Amin, da Sharhabil Ahmad da ake wa laƙabi da sarkin jaz na Sudan, da 'yan'uwan nan mata uku da aka sani da al-Balabil waɗanda suka fito a farkon shekarun 1970.

Kiɗan nan an gina shi ne a kan ma'aunin sauti mai hawa biyar, saɓanin kiɗan Masar da Sham. Wannan ma'auni shi ne kunnen Bahabashe da Basomale da mutumin Chadi da Bahaushe ya saba da shi, shi ya sa waƙoƙin Omdurman suka ratsa ƙasashen da ba su jin Larabcin Sudan. Wardi ya cika filin wasa a Addis Ababa, kuma kaset-kaset ɗin mawaƙan Sudan sun yi kasuwa a Njamena da Maiduguri da Kano. Idan yawan masu sauraro ne ma'auni, miliyoyin mutane ne suka yi wa waɗannan mawaƙa shaida. Duk da haka Wardi ya rasu a 2012, al-Kabli a 2021, Muhammad al-Amin a 2023, babu ɗayansu da ya riƙe Grammy, kuma babu shekarar da masu hasashe suka ɗauke su a matsayin masu jiran gado.

Dalilan rashin

Dalilan a bayyane suke, kuma babu gazawar fasaha a cikinsu. Na farko kasuwa ce. Waƙar Sudan ta rayu ne ta gidan rediyon gwamnati da bukukuwan aure da kaset, ba ta hannun manyan kamfanonin da ke da ofis a Landan da New York ba. Waƙar da ba a fitar a kasuwar Amurka ba ko takara ba za ta shiga ba, komai kyanta.

Na biyu siyasa ce. Bayan juyin mulkin Umar al-Bashir a 1989 an matsa wa mawaƙa lamba. An hana gidan rediyo sanya waƙoƙi da dama, dokar kiyaye tsarin jama'a ta jihar Khartum ta ƙayyade lokacin tashi daga biki, an kuma gurfanar da mawaƙa gaban kotu. A watan Nuwamban 1994 wani mutum ya shiga kulob ɗin mawaƙa a Omdurman ya daɓa wa Khojali Usman wuƙa har lahira, ya kuma raunata Abdulƙadir Salim. Wardi ya yi gudun hijira daga 1989 har zuwa 2002, tsakanin Alƙahira da Amurka. A ɗaya ɓangaren kuma, Amurka ta saka Sudan cikin jerin ƙasashe masu goyon bayan ta'addanci daga 1993 zuwa 2020, ta kuma ƙaƙaba mata takunkumin tattalin arziki daga 1997 zuwa 2017. A shekarun da duniya ke komawa sayar da waƙa ta intanet, mawaƙin Khartum yana zaune a ƙasar da bankunanta suka yanke da na duniya. Ya shiga tsaka mai wuya ke nan: gwamnatinsa ta rufe masa baki a gida, gwamnatin wasu ta rufe masa ƙofa a waje.

Na uku shi ne matsalar rukuni. Sudan tana cikin Ƙungiyar Ƙasashen Larabawa, amma bukukuwan waƙar Larabawa sun fi karkata ga Alƙahira da Beirut da ƙasashen Tekun Fasha, inda ake jin kiɗan Sudan kamar baƙo. Tana cikin Tarayyar Afirka, amma abin da kasuwar duniya ke nufi da waƙar Afirka a yau shi ne Afrobeats na Legas da Amapiano na Afirka ta Kudu. Tyla da ta ci rukunin Afirka a 2024 da Tems da ta ci a 2025 duka da Turanci suka rera. Mawaƙin da ke rera doguwar waƙa da Larabcin Sudan ko da harshen Nubiya ko na Beja, tare da goge goma a bayansa, ba shi da gurbin da aka yanka daidai da shi.

Akwai misali guda da ke tabbatar da wannan bayani. Abbas Hamad, wanda aka sani da Bas, iyayensa 'yan Sudan ne, an haife shi a Paris, ya girma a New York, yana kuma ƙarƙashin kamfanin Dreamville na J. Cole. Sunansa ya shiga jerin 'yan takarar Grammy na 2020 a rukunin waƙar rap tare da abokan aikinsa. Ɗan Sudan ya isa zauren, amma ta ƙofar New York ya shiga, da Turanci, da kamfanin Amurka. Mai hasashe zai iya hango Bas, ba zai iya hango Wardi ba, kuma wannan bai ce komai ba game da wanda ya fi wani a tsakaninsu.

Wa zai yi hasashen A'isha?

A tarihin waƙar Omdurman akwai labarin da ya shafi Hausawa kai tsaye. Tun ƙarnoni da suka wuce alhazan ƙasar Hausa ke bi ta Sudan a ƙafa zuwa Makka, wasu su yada zango su zauna. Bayan yaƙin Burmi na 1903 kuma wasu jama'ar Sarkin Musulmi Attahiru suka yi hijira suka kafa garin Mai Wurno a gaɓar Shuɗin Nilu. Mutanen Sudan kan kira duk waɗannan baƙi na yamma da suna Fallata, kuma sunan ba kullum yake zuwa da girmamawa ba.

A cikin wannan al'umma aka haifi A'isha Musa Ahmad, wadda duniya ta sani da A'isha al-Fallatiya. Iyayenta daga ƙasar Sakkwato suka fito, mahaifinta malami ne, kuma a makarantar allonsa a Omdurman ta koyi karatun Alƙur'ani. Ta fara waƙa a gidajen biki ba da son mahaifin ba, daga baya ta je Alƙahira aka ɗauki muryarta a faifai. A lokacin yaƙin duniya na biyu ta rera wa sojojin Sudan waƙa a sansanoninsu, sannan a farkon shekarun 1940 ta zama mace ta farko da ta rera waƙa a gidan rediyon Omdurman, ƙanwarta Jiddawiyya tana kaɗa mata udu. Masu ra'ayin riƙau suka yi ca a kanta, wasu mawaƙa maza ma suka ƙaurace wa gidan rediyon don kada a haɗa su da mace.

Da a ce akwai lambar yabo a Omdurman a wancan lokaci, kuma waɗannan mawaƙa maza su ne masu ƙuri'a, duk mai hasashe mai hankali zai ce A'isha ba za ta kai labari ba, kuma hasashensa zai yi daidai. Mace ce, Bafallatiya ce, ba ta da uban gida a cikin manya. Amma ta ci gaba da waƙa har cikin shekarun 1960, ta bar waƙoƙi sama da ɗari, ta rasu a Omdurman a 1974, kuma a yau babu mai rubuta tarihin waƙar Sudan ya tsallake sunanta. Duk macen da ta tsaya gaban makirufo a ƙasar bayanta, ta hanyar da ta share ta bi. Ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare, miyar waƙa kuwa takan ɗauki shekara hamsin ba ta ƙare ba.

Yadda Khartum ke yanke hukunci

Rashin lambar waje bai hana mutanen Sudan samun hanyoyin karrama gwanayensu ba. Hanya ta farko ita ce maimaitawa. Shekaru da dama tashar talabijin ta Shuɗin Nilu tana gabatar da shirin "Aghani wa Aghani" a watan azumi, inda marubucin waƙa al-Sir Gaddur ya riƙa zama da matasan mawaƙa suna sake rera tsofaffin waƙoƙi, yana ba da tarihin kowace ɗaya da wanda ya rubuta ta. Waƙar da jika ya ɗauka daga bakin kaka ta ci jarrabawar da ta fi ta kowane kwamiti tsanani.

Hanya ta biyu ita ce rakiya. Mustafa Sid Ahmad ya rasu a Doha ranar 17 ga Janairun 1996 bayan doguwar jinya a waje, kuma dubban mutane suka fito tarbar gawarsa a Khartum duk da cewa gwamnati ba ta ƙaunar waƙoƙinsa. Shekara 17 daidai bayan haka, ranar 17 ga Janairun 2013, Mahmud Abdul'aziz da matasa ke kira al-Hut ya rasu a Amman, masoyansa suka cika filin jirgin saman Khartum da titunan da ke kewaye da shi. Mutumin da hukuma ta taɓa gurfanarwa a ƙarƙashin dokar tsarin jama'a shi ne talakawa suka yi wa rakiyar sarakuna.

Hanya ta uku ita ce ranar buƙata. Lokacin da jama'a suka yi zaman dirshan a gaban hedikwatar soja daga 6 ga Afrilun 2019, abin da ya kai ga faɗuwar al-Bashir ranar 11 ga watan, waƙoƙin da Wardi ya yi wa juyin juya halin Oktoban 1964 sun dawo bakin matasan da ko iyayensu ba su ga wancan zamani ba. Haka ma "Azza fi Hawak" ta Khalil Farah, wadda aka yi tun zamanin Turawa, har yau tana matsayin taken kishin ƙasa. Jami'ar Khartum ta ba Wardi digirin girmamawa a 2005, kamar yadda Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba Alhaji Mamman Shata a 1988. A duka biyun jami'a ta zo ne daga baya ta sa hannu a kan hukuncin da jama'a suka riga suka yanke.

Hujjar ɗaya ɓangaren

Adalci ne a saurari masu cewa lambar yabo ba abin rainawa ba ce, domin suna da gaskiya. Lamba takan buɗe ƙofar biza da manyan dandali da kuɗin da mawaƙi zai riƙe iyalinsa. Ali Farka Touré na Mali ya ci Grammy a 1995, ƙungiyar Tinariwen ta Buzaye ta ci a 2012, Bombino ɗan Agadas ya shiga jerin 'yan takara a 2019, kuma kowannensu ya jawo hankalin duniya ga kiɗan Sahara. Mawaƙin Sudan da ke gudun hijira a yau ba zai ƙi irin wannan dama ba, kuma babu mai ikon ce masa ya wadatu da yabon baki.

Haka kuma hukuncin jama'a shi ma yana da nasa aibi. Taro yakan bi yayi, kuma a gasannin da ake zaɓe ta saƙon waya ko ta intanet, mai kuɗi ko mai yawan mabiya kan rinjayi mai fasaha. Jama'ar da suka ɗaukaka A'isha daga baya, a cikinsu ne aka sami waɗanda suka tsangwame ta da farko. Shi kansa hasashe yana da amfani idan an san iyakarsa: yana koya wa matashi yadda sana'ar ke tafiya, da wanda ke riƙe da makullin kowace ƙofa. Inda aka ɓata shi ne lokacin da aka mai da jerin 'yan takara ya zama jerin gwanayen duniya, har yaro a Kano ko a Omdurman ya fara jin cewa kiɗan gidansu bai kai ba tunda Los Angeles ba ta kira sunansa ba. Daga wannan tunani ne ake fara sauya harshe da kiɗa domin a dace da rukunin wasu.

Abin da ke cikin haɗari

Ranar 15 ga Afrilun 2023 yaƙi ya ɓarke a Khartum tsakanin sojojin gwamnati da dakarun RSF. Cikin makonnin farko harsashi ya kashe mawaƙiya Shadin Gardud a Omdurman. Mawaƙa da makaɗa suka watsu zuwa Alƙahira da Kampala da Nairobi da ƙasashen Larabawa. Ginin rediyo da talabijin na Omdurman, inda aka taskace muryoyin da aka ɗauka tun shekarun 1940, ya faɗa hannun RSF, ya zama fagen daga har zuwa watan Maris na 2024 da sojoji suka ƙwace shi. Taskar da ke ɗauke da muryar A'isha da ta al-Kashif da ta Wardi yana saurayi ta kwana kusan shekara guda a tsakiyar wuta.

Maƙwabtan Sudan sun taɓa shiga irin wannan hali. A 1988, da jiragen gwamnatin Siyad Barre suka tasar wa birnin Hargeisa, ma'aikatan gidan rediyon garin sun kwashe kaset-kaset suka ɓoye, wasu ma a ƙarƙashin ƙasa. Bayan kusan shekara talatin kamfanin Ostinato Records ya tattara wasu daga cikin waƙoƙin Somaliya na wancan zamani a kundi mai suna "Sweet as Broken Dates", wanda ya shiga takarar Grammy ta 2018 a rukunin kundin tarihi. Kamfanin ya fitar da makamancinsa na waƙoƙin Sudan a 2018, kamfanin Habibi Funk na Jamus kuma ya fitar da na Sharhabil Ahmad a 2020. Lambar yabo tana iya riskar waƙa bayan shekara talatin ko hamsin, amma da sharaɗin waƙar tana nan. Ma'aikacin da ya tona rami ya binne kaset ya yi wa waƙar Somaliya hidimar da duk masu hasashen duniya ba su yi mata ba.

Wannan darasi ya shafi ƙasar Hausa kai tsaye. Abin da ya rage na muryar Ibrahim Narambaɗa da Musa Ɗanƙwairo da Ɗan Anace da sauransu yana warwatse ne a tsofaffin fayafai da kaset na gidajen rediyo irin na Kaduna da Kano da Sakkwato da Yamai, da hannun 'yan kasuwar kaset da magada. Zafi da ƙura da gara suna cin su ba tare da an harba ko harsashi ɗaya ba. Ƙarfin da ake kashewa wajen musu a kan wanda zai ɗauki kambu a Amurka, da an karkatar da kaɗan daga cikinsa wajen kwafe waɗannan muryoyi a na'ura, da rubuta matanin waƙoƙin, da tantance wanda ya yi kowace da lokacin da aka yi ta, da an yi aikin da zai amfani na baya. Ɗaliban harshe da adabi su ne suka fi kowa cancantar wannan aiki, domin su ke da kunnen da zai kama karin harshen Sakkwatanci ko Katsinanci a bakin makaɗi.

Haka nan idan za a shirya lambobin yabo na gida, wajibi ne a bayyana su wane ne alƙalai, da ma'aunin da suka bi, da wanda ya ɗauki nauyin bikin, a kuma ware gurbi ga makaɗan gargajiya da marubuta waƙa da masu adana tarihi. Lambar da aka san yadda ake cin ta ita ce ake iya yin hasashe a kanta da ilimi, ita ce kuma mai ɗaukarta zai yi alfahari da ita.

Shekara mai zuwa ma za a fitar da sunaye, masu hasashe za su sake baje kolinsu, kuma babu laifi a saurare su. Abin da ya kamaci mai sauraro shi ne ya tambayi kowane ɗayansu alamomin da ya bi: su wane ne masu ƙuri'a, a wace ƙasa suke, wace waƙa ce ta isa kunnensu, wace ce kuma ba ta sami hanyar isa ba. Idan ya sami amsa, sai ya nemo waƙar A'isha al-Fallatiya ko ta Muhammad Wardi ya saurara da kunnensa, ya yanke nasa hukuncin.